Kafin Ka Kira Dillali: Yadda Ake Tayar da Gidan da Ya Daɗe a Rufe a Dakoro

Akwai wani irin gida da duk wanda ya san Dakoro ya san shi. Katangarsa ta ɗara ta maƙwabta tsawo, ƙofarsa ta ƙarfe ce, kwaɗon da ke jikinta ya yi tsatsa, kuma idan ka leƙa ta kafar ƙofa sai ka ga tumfafiya ta kai ƙirji a tsakar gida. Mai shi yana Yamai yana aikin gwamnati, ko yana kasuwanci a Kano ko Abijan, ko ya haura Libiya neman kuɗi. Ya gina shi ne don ya riƙa sauka da iyalinsa lokacin Sallah da hutun ƴan makaranta, kada kullum a takura wa dangi. Shekara biyu ko ukun farko ana zuwa. Daga nan yara suka girma suka ce ba su iya zafin garin, tsohuwar da ake zuwa dominta Allah ya yi mata rasuwa, zuwan ya koma na ta'aziyya da ɗaurin aure, a kwana ɗaya a juya. Ranar da wata buƙata ta taso sai a tuna da gidan Dakoro, a ce a sayar.

Irin wannan gida baffana ya rasu ya bari, kuma ni dangi suka ɗora wa gyara shi da sayar da shi. Na yi kurakuran da suka ci kuɗin magada, na kuma zauna da magina na sha faɗa. Babban abin da na fahimta shi ne gyaran gidan sayarwa daban yake da gyaran gidan zama. A gidan da za ka zauna kana kashe kuɗi don jin daɗinka. A gidan sayarwa kuwa, duk dalar da za ta fita sai ka tambaye ta ko za ta dawo. Abubuwa uku ne na ga suna dawo da kuɗinsu a garin nan: takarda, rufi, da hanyar da ruwa ke bi ya fita daga gida.

Takarda tukuna

Kada ka sayi ko buhun siminti ɗaya sai ka riƙe takardar gidan a hannunka. Hotonta a WhatsApp bai isa ba, haka ma "ai tana wurin Yaya". Dakoro ba tsohon birni ba ne kamar Katsina ko Damagaram. Ya bunƙasa ne bayan da Faransawa suka kafa bariki a nan a 1947, kuma har gobe yana cin gonakin da ke kewaye da shi. Saboda haka filayen garin ba iri ɗaya ba ne. Akwai waɗanda ma'aikatar magajin gari ta yanka ta raba, masu takardar da ake kira acte de cession, ɗauke da lambar rukuni da ta fili. Akwai na bakin gari, waɗanda asalinsu gona ce aka saya hannun mai ita, da takardar ciniki mai sa hannun mai gari da shaidu. Irin waɗannan, hukumomin filaye da ake kira Cofo, waɗanda suka samo tushe daga dokar karkara ta 1993, su ne wurin zuwa. Sama da duka akwai titre foncier, da sassauƙarta da aka shigo da ita a 2006 aka raɗa mata suna da Hausa, Sheda. Mai sayen da ke tunanin kai takarda banki wata rana, ita yake nema, kuma yana ƙara kuɗi dominta.

Da ka samu takardar, fara duba sunan da ke kanta. Sau da yawa za ka tarar sunan mutumin da ya sayar wa mahaifinku ne shekara ashirin da suka wuce, ba a taɓa juya shi ba. Ɗauke ta ka kai ma'aikatar magajin gari a gwada da abin da ke cikin kundinsu, ka tambaya ko akwai bashin lanho a kan gidan. Sannan ka zo da mita ka tono turakun siminti na iyaka, waɗanda rairayi ya daɗe da binnewa. Gidan da ba kowa, maƙwabci yakan jingina garken awakinsa da katangarsa, bayan shekara biyu ya ɗora rumfa, bayan biyar rumfar ta zama ɗaki. A yi wannan magana yanzu gaban mai unguwa, cikin mutunci. Idan aka bar ta sai ranar da mai saye ya zo da mai awo, cinikin ya mutu.

In gidan na gado ne, aikin ya ninka. A yi zaman dangi, a fitar da wakili ɗaya, a kai kotun Dakoro ta tabbatar da takardar. Kowa ya sani kuma ya yarda, har ƴar'uwar da ke aure a Agadas da ƙanen da ke ci-rani wanda wayarsa ba ta shiga. A fara tambayar magada ko akwai mai son riƙe gidan ya biya saura. Wannan ba kara ce kawai ba. A fiƙihun Malikiyya da ake karantarwa a zaurukanmu, Risala ma tana da babi a kansa, akwai haƙƙin shufa'a: idan wasu suka sayar wa bare kasonsu na gidan da ba a raba ba, abokin tarayyar da bai sayar ba yana iya karɓe kason a kan kuɗin da aka sayar. A kuma rubuta daga aljihun wa kuɗin gyara zai fito, da cewa za a cire shi kafin rabo. Ni ban rubuta ba, kuma na ji a jikina.

Wani abu da ake mantawa shi ne mutumin da ke zaune a ciki. Gidaje da yawa irin wannan akwai wata tsohuwa ko wani almajiri mai iyali da aka ba ɗaki ɗaya kyauta don ya riƙa ganin gida. Shekara takwas yana share maka ƙofa. Je ka same shi da kanka, ka zauna, ka ce, "Inna, ga halin da ake ciki," ka ba shi watanni, in da hali ka taimaka da kuɗin ƙaura. Babu mai sayen gida da rigimar tashin wani a cikinsa, kuma garin ƙarami ne, magana ba ta kwana.

Ranar buɗe ƙofa

Ku je ku biyu, da safe, da takalmi mai rufi, da doguwar sanda, da tocila. Kububuwa tana son tarin bulo da ƙarƙashin tsohon kwano, kunama kuwa tana bayan duk abin da aka jingina da bango. Kada ka zura hannu inda idonka bai gani ba. Buɗe ƙofofi da tagogi ka fita waje awa guda. Idan jemagu sun zauna a ɗaki, a yayyafa wa kashinsu ruwa kafin shara, mai sharar ya ɗaure hanci da baki, don ƙurar tana sa ciwon ƙirji. Ciyawa da ƙarangiyar da aka nome, a kwashe a kai bayan gari. Kada a cinna musu wuta a tsakar gida da rani, alhali bayan katanga maƙwabci ya tara karan dabbobinsa.

Ranar farko kada ka zo da magini. Zaga da kanka da littafi da alli, ka rubuta abin da ka gani ɗaki ɗaki, ka ɗauki hotuna. Magini mutumin kirki ne, amma sana'arsa gini ce, duk inda ya duba aiki yake gani.

Bi sawun ruwa

Baƙo zai ce me ruwa zai yi wa gida a garin da ke bakin yankin makiyaya, inda a shekara ta yau da kullum ruwan da ke sauka bai cika wuce milimita 400 ba? Amsar ita ce ruwan ba ya zuwa a hankali. Yakan zo ne cikin ƴan hadura kaɗan, da iska mai ɗauke kwano a gabansa. Daminar 2024 ta rusa gidaje masu yawa a jihar Maraɗi, kuma a ranar 3 ga Satumba na shekarar tsohon masallacin Birni na Damagaram, wanda ya haura shekara ɗari da hamsin a tsaye, ya zube. Tun daga lokacin, mai sayen gida yana shiga ɗaki sama yake fara kallo, yana fita kuma sai gindin bango.

Rufin kwano da tsakar rana ake duba shi. Shiga ɗaki ka rufe ƙofa da taga, ka ɗaga kai. Duk inda ka ga ɗigon haske kamar tauraro, ruwa yana bi ta nan. Sa alama da alli a ƙasa daidai wurin. In akwai silin, tabon ruwan ƙasa-ƙasa da ke jikinsa zai nuna maka, amma ka tuna ruwa yakan gangara ta jikin katako kafin ya ɗiga, don haka ramin yana iya kasancewa sama da tabon. Ramin ƙusa ɗaya ko biyu ana toshewa. Fallen da tsatsa ta cinye bakinsa har yana marmashewa a hannu, a cire shi a sa sabo, faci ɓarnar kuɗi ce. Wanda zai hau ya taka kan layin ƙusoshi, inda katako yake a ƙasa. Abin da ya fi ramuka muhimmanci shi ne ɗaurin rufin: ƙarfen da ya ɗaure katako da bango yana nan ko ya tsinke? Bulon da aka jera a kan bakin kwano ya tsage? A nan iska ke samun wurin kamawa, kuma a nan ruwa ke shiga cikin bango ba tare da kowa ya gani ba.

Idan soro ne na ƙasa, indararo za ka fara dubawa. Shekara uku ba shara, rairayi da ganye da sheƙar tsuntsu sun toshe shi, ruwa ya kwanta a kan rufi yana tsuma ƙasa. Daga ciki kuma ka kalli azara. Wadda ta lanƙwasa kamar baka, a tokare ta da itace mai ƙarfi kafin kowa ya hau. Kuskuren da ake yawan yi shi ne a yi ta ƙara sabon yaɓe a kan tsoho kowace shekara har nauyi ya fi ƙarfin azarar. A kankare wanda ya mutu tukuna, sannan a sa sabo, a karkata shi zuwa bakin indararo.

Yanzu sauko ƙasa. Ƙasar Dakoro jigawa ce, iskar hunturu tana tara rairayi a jikin katanga shekara bayan shekara, hanya tana tashi, gida yana nutsewa. Rariyar da aka huda a gindin katanga don ruwa ya fita ta koma ƙarƙashin ƙasa, tsakar gida ta zama tafki, bango yana tsaye cikin ruwa kwana biyu bayan kowane hadari. Gwajin mai sauƙi ne: sayi duro ɗaya na ruwa, a kifar da shi a tsakiyar gida, ka tsaya ka ga inda ya nufa. In ya nufi gindin ɗaki, ka gano ciwon gidan. Maganinsa shi ne aiki mafi araha cikin duk abin da za ka yi: a kwashe rairayin da ya taru ciki da waje, a tone rariya, a zuba birji a daddaɓe shi da gangare zuwa waje, a yi ɗan dakali a gindin bango don ruwan da ke zubowa daga kwano ya daina tona shi.

Inda na yi asara

Katangar gidan baffana da ɗakuna biyu na baya ginin ƙasa ne. Na ga sun yi muni, sai na sa wani yaro mai rawar kai ya shafe su da siminti, aka bi da fenti. Gida ya fito kamar amarya, na aika wa dangi hotuna, aka yi ta sa albarka. Ruwa na uku na damina, shafen katangar gabas ya ɓamɓaro fale-fale ya zube, ya kuma jawo ƙasar bangon tare da shi.

Sai na nemo wani tsohon magini da ya yi aiki da baffana. Ya zo da sandarsa, bai ce komai ba, ya zaro makulli daga aljihu yana ƙwanƙwasa shafen da ya rage. Wani wuri sautin ya fito a tsuke, wani wuri kuma ƙwal-ƙwal kamar ana buga ƙwarya.

"Ɗana, ka ji?"

"Na ji, Baba."

"To duk inda ya yi wannan kuka, ya riga ya rabu da bango, jiran iska yake. Ƙasa da siminti ba sa zaman aure. Ƙasa tana shan ruwa ta kumbura, ta bushe ta koma. Shi kuwa siminti ba ya motsi. Ruwa ya shiga ta sama, ya rasa ta inda zai fita, sai ya zauna tsakaninsu yana cin bangon."

Na ce, "To Baba, yanzu mene ne abin yi?"

Ya ce bangon ƙasa yaɓen ƙasa yake so: a kwaɓa ta da ramno da kashin shanu, a bar ta ta kwana biyu ta ruɓa, a jiƙa bango, a yaɓa. Mai hali ya bi da makuba, ko da yake ɗorawa ba ta yawaita a nan arewa, sai an kawo daga kudu. Idan kuwa an nace sai siminti, don masu saye da yawa shi suke son gani, to a kankare bangon, a kafa ƙusoshi, a ɗaura ragar waya, shafen ya zama yana da abin riƙewa, sannan a yi wa kan katangar hula don kada ruwa ya shiga ta sama. Wannan ya fi tsada nesa, shi ya sa yaron bai ko ambata shi ba. Na biya kuɗin aiki ɗaya sau biyu.

Shi ne kuma ya koya mini karanta tsaga. Siririya kamar gashi, wadda ta bazu a fuskar shafe, ba komai ba ce, a cike a wuce. Wadda ta tashi daga kusurwar ƙofa ko taga ta hau a karkace tana bin layin bulo kamar matakala, ko wadda samanta ya fi ƙasanta faɗi, wannan daga harsashi take. Manna ɗan siminti a gicciye a kanta, rubuta kwanan wata a gefe, ka dawo bayan wata guda. In mannin ya tsage, ginin yana motsi har yanzu. Nemi dalili kusa: saiwar dogon yaro da aka shuka dab da bango, ko ramin masai da aka haƙa kusa da ɗaki a cikin rairayi, ko ruwan nan da ke kwanciya. Wani lokaci cire dalilin ya isa. Wani lokaci kuma gaskiya ɗaya ce, a rushe ɗakin, a adana kwano da ƙofa da bulon da ya tsira. Mai saye ya fi son fili a share da ɗakin da zai faɗo wa ƴaƴansa.

Wurin da bangon bulo ne kuma shafen siminti ya dace, ka tsaya a kan kwaɓi. Buhu ɗaya mai kilo 50 ga baro biyu zuwa biyu da rabi na rairayi tankaɗaɗɗe, mara ƙasa. Bayan shafe sai ban ruwa safe da yamma har kwana bakwai. A garin da ake sayen ruwa wurin ƴan garuwa, nan ne ma'aikata ke yin ƙwange, shafe ya bushe da ƙishirwa, bayan wata biyu ka goga hannu ya zubo kamar gari. Ware kuɗin ruwa daban, ka ba wani yaro aikin ban ruwan shi kaɗai. Siminti kuwa, ko na Malbaza ne ko wanda ake shigowa da shi daga Najeriya, taɓa buhun kafin ka biya. Wanda ya yi ƙulalai ya sha raɓa, ƙarfinsa ya tafi. Gwamnati ta rage farashin siminti a watan Oktoba na 2024 bayan ambaliya, amma ka lissafa da kuɗin mota, don daga Maraɗi zuwa Dakoro ta hanyar Tsibiri tafiya ce ta fiye da kilomita 100. Kwano da fenti da wayar lantarki ma haka: haɗa jerin kayanka ka sayo su a tafiya ɗaya.

Gara, masai, wuta da famfo

Gara ba ta son motsi, shi ya sa gidan da aka rufe ya zama nata. Bi duk katakon gidan da bakin wuƙa: madogarar ƙofa, katakon rufi, azara. Wanda ya yi kyau a ido amma wuƙa ta nutse cikinsa, fanko ne. Bi layukan ƙasar da ta gina a jikin bango har zuwa inda suka fito. In akwai suri a cikin gida, a tone shi har a ciro uwar, in ba haka ba bayan wata guda za ta sake gini. Madogarar ƙofar da ta cinye, a maye ta da ta ƙarfe wurin mai walda, a huta. Sabon katako kuma magina sukan shafe shi da baƙin man mota kafin a ɗora. Maganin gara a nemi shawarar ma'aikatan gidan gona. Ƙwayar nan da ake jefawa cikin buhunan wake kada a kuskura a sa ta a ɗaki. Iskar da take fitarwa guba ce, ta sha kashe mutane suna barci.

Makewayi ne wurin da masu gyara ke rainawa, alhali idan mai saye ya zo da uwargidansa, nan da madafi za ta fara leƙawa, kuma ita ce za ta ce a saya ko a bari. Ƙwanƙwasa daɓen masai da sanda kafin ka taka. In ya tsage ko gefensa ya zaftare, a fasa a zuba sabo da ƙarfe a ciki. Kada a bar kowa ya sauka cikin ramin, ko da an ce ya shekara biyar a bushe. A sa bututun fitar da wari mai raga a bakinsa, a ɗaga katangar, a sa ƙofa mai sakata.

Je ofishin Nigelec da lambar mitar gidan ka tambayi bashi, ka biya, ka ajiye rasit. Kafin a maido da wuta mai gyaran lantarki ya bi wayoyi, don ɓera yana cin su, ɓarayin tagulla ma sukan zare su ta cikin silin. Ruwan famfo kuma, tun farkon 2024 kamfanin NDE ne ya gaji SEEN, don haka tsofaffin takardun gidan za su zo da tsohon suna. Kai su yadda suke. In an maido da ruwa, rufe duk famfunan gidan ka tsaya kan mita. In tana juyawa, bututu ya fashe a ƙarƙashin ƙasa. A yankin da rijiya ke da zurfi irin namu, famfo mai zuba a cikin gida yana ɗaga farashi fiye da kowane ado.

Inda za ka tsaya

Ado ba ya son dogon bayani. Farar ƙasa ko fenti launi ɗaya mai haske ciki da waje, a kankare tsatsar ƙofar gida a shafa mata fenti, a ɗiga mai a maratayanta ta daina kuka, sabon kwaɗo, a baza rairayi mai tsabta a tsakar gida. Itacen inuwa da ke nesa da bango a yi masa sassabe kawai, kada a sare. A zafin Afrilu, inuwar nan ɗaki ce.

Tayil, silin mai ado, na'urar sanyaya ɗaki, duk ka bar wa wanda zai zauna. Ka tuna su wa ke sayen gida a Dakoro: ɗan kasuwar dabbobi da ciniki ya yi wa kyau, ma'aikacin da ya gaji da haya, makiyayin da ke son ajiye iyali a gari don yara su yi makaranta, ko mai son ya ba ƙungiyar agaji haya. Yawancinsu faɗin tsakar gida da lafiyar katanga suke aunawa, da wurin ɗaure rago. Kafin ka fara aiki ma, kira dillalai biyu, kowa daban, ka tambaye su nawa gidan zai yi a yadda yake, nawa kuma in an gyara. Tazarar da ke tsakanin kuɗin biyu ita ce iyakarka, kuma ni a ganina kada ka kashe fiye da rabinta. Wani gidan ma, musamman na kusa da kasuwa ko bakin babbar hanya, filin ake saye, ginin rushe shi za a yi a zuba shaguna. Irin wannan share shi kawai za ka yi, ka gyara takarda.

Lokacin aiki daga kaka ne zuwa ƙarshen sanyi. Da damina leburori suna gona, ƙasa ba ta bushewa. Da bazara kuma zafi yana haura digiri 40, yana ƙona shafe tun bai kama ba. Kuɗi yana shiga hannun mutane bayan an sayar da wake da gero, da kuma gab da Layya idan raguna sun yi daraja. In ba ka cikin gaggawa, bari damina ɗaya ta bi ta kan gyaran, ka sa a ɗauki bidiyon ɗakuna da tsakar gida ana tsaka da ruwa. Babu bakin dillalin da ya kai wannan bidiyo iya talla.

Idan daga nesa kake aikin, kada ka aika kuɗin duka a dunƙule. Yi jinga mataki mataki: rufi a gama, ka gani ta waya, ka biya, a shiga na gaba. Mai sayen kaya daban, mai tsayawa kan aiki daban. Ko ta kamfanin Nita ka aika kuɗin ko ta kamfanin Amana, ajiye kowane rasit cikin ambulan ɗaya, don ranar rabo za a tambaye ka.

Ranar ciniki

Abin da ba ka gyara ba, faɗe shi. Fenti yana rufe tsaga wata uku, damina ta tona, kuma a shari'a wanda aka ɓoye wa aibi yana da damar maido da abin da ya saya. Ni na kama hannun mai sayen gidanmu na kai shi ɗakin baya na nuna masa mannin simintin tsohon maginin nan da kwanan watan da ke gefensa, na ce ga tsagar, ga lokacin da ta daina motsi. Ya rage wani abu a tayinsa, muka sallama, aka rubuta tsagar cikin takardar ciniki, kuma har yau muna gaisawa.

A yanke la'adar dillali tun kafin ya kawo kowa, a san wanda zai biya. A rubuta farashi da sefa, da lambobi da kuma haruffa, don a bakinmu "ɗari" dala ɗari ce, wato sefa 500, kuma mai sayen da ya saba da naira yana iya jin wani abu daban. In an ba da kafin alƙalami, a sa ranar cika sauran, da abin da zai faru in ba a cika ba. Takardar asali da makullai ba sa barin hannunka sai kuɗi ya cika gaban shaidu. In gidan mai titre foncier ne, a bi ta wurin notar a Maraɗi a juya suna.

Kai da ke karanta wannan a Yamai ko Kano, kana da gida a rufe a Dakoro, ko da ba ka yanke shawarar sayarwa ba, kira wani naka kafin hadarin farko na bana. Ya je ya share indararo, ya tone rariya, ya kwashe rairayin gindin katanga. Aikin yini ɗaya ne na mutum biyu.